Dorkas a Bencin Baya

Nima, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mas'udu da tumbinsa, da 'yata Najat. Yaya Kumasi, yaya ruwan sama? Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Mma da ke motsawa in an yi sanyi. Tana gaishe ki, ta ce maganin da kika aiko ɗacinsa ya fi ciwon.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Da ajamin da Malam Bashiru ya dasa mana da bulala na rubuta, na ɗauki hotonta na turo miki ta waya. In na yi miki saƙon murya, kin san bangon gidan nan, kafin ya isa Kumasi ya riga ya zaga kowane ɗaki.

Kin tambaye ni shirin bikin ƙawarki, matata Dorkas. Shiri na tafiya, ko da yake har yau ba wanda ya zo neman izinina, ni da nake ce mata matata tun tana goya ni ina yi mata fitsari a baya. Tun da dangin angonta Filip suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, aka karɓi kayansu, ba ta da zance sai na farar riga. An kai ɗinkin Maamobi, ta je gwaji, ta dawo tana taku a tsakar gida kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Ta ce in tuna miki mayafin da kika yi mata alkawari, wai ya zama dogo mai jan ƙasa. Na ce mata a lungunmu in ya ja ƙasa, kafin ta kai titi ya zama tsumman goge babur. Ta jefe ni da soso.

Kin san tun da ruwan farko ya shiga ɗakinsu, akwatunan aurenta suna ɗakina, wato ɗakinki na da, don shi ne a kan tudu. Mabuɗi ɗaya na wurina, ɗaya na wurinta. A nan take guga ma, don wutar ɗakinsu ta lalace. Ni dai na zama ɗan haya a tsakanin tukwane da atamfofi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya da hantsi Masta Osman ya aiko ni gida daga gareji, na tarar da mata biyu a ƙofa, manya, da farin ɗankwali da jaka a hammata, suna tambayar ɗakin su Dorkas. Uwarta Mma Lariba tana kasuwa wurin daddawarta, Dorkas tana kantin magani wurin aiki, Mma kuma ta tafi asibiti. Ina ganinsu na ce gwaggwannin ango ne. Yaya, kin san ni. Kin tuna bikin Humaira, da na tare ƙofa na ce ba mai fita da matata sai an lallashe ni, har gwaggon ango ta cika mini hula da goro da minti, tsofaffi suna dariya har da hawaye? Na ce yau ma Allah ya kawo kasuwa.

Ɗayar tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta tambaye ni ko na san Dorkas, kuma wane irin hali gare ta. Na gyara tsayuwa na ce, “Mama, mutum zai rasa sanin matarsa? Wa ma ya ba Filip ɗin nan izini? Ku tambayi duk gidan nan a ɗakin wa take wuni ranar Asabar, wa take kai wa miya ranar Lahadi.” Da na ga ba su yi dariya ba, na ce waɗannan sun iya wasan, so suke su ja ciniki. Sai na buɗe ɗakina na nuna musu. Ga akwatunanta, ga takalmanta a bakin gado, ga zanenta a rataye kusa da jallabiyata. Na ce har mabuɗi gare ta, tana shiga duk sanda ta ga dama. Na miƙa hannu na ce a kawo goro, in ba haka ba amarya ba ta fita.

Ko ɓarin goro ba su ba ni ba. Suka dubi juna, suka yi magana ƙasa-ƙasa yadda ban ji ba. Mai jin Hausar ta tambayi sunana, na ce Jamiu, angon asali. Ta ce, “Musulmi?” Na ce har ladanci ina yi in an matsa. Suka juya suka tafi.

Da yamma na ba Dorkas labari a bakin famfo, ina kwaikwayon tafiyarsu. Da farko ta yi dariya, har na zo wurin farin ɗankwali. Sai ta ajiye bokiti, ta tambaye ni ko ɗayar tana da tabarau mai igiya. Na ce ita ce ma shugabar marowatan. Sai ta shige ɗaki, ruwan ma a nan ta bar shi yana zuba.

Yau da safe na ce, “Matata, an tashi lafiya?” Ta wuce abinta. Ke kika san ta fiye da kowa, ki kira ta ki ji. In dangin mijin masu nauyin kai ne, ki ce ta kwantar da hankalinta, ni zan sayi goron in kai musu.

Ki shafa mini kan Najat.

Ƙaninki da ba ki da kamarsa,
Jamiu


Nima, ranar Juma'a

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya ke da mutanen gida. Na ji saƙonki. A bayan gareji na saurare shi, don yadda kika ɗaga murya ko injin Masta bai kai ba. Duk sunan da kika kira ni da shi na amsa.

Kin riga kin sani, ba gwaggwannin kowa ba ne. Matan kwamitin aure ne na cocinsu. Ashe su in an sa ranar aure ba a sakin mutum haka nan. Dattawa da iyaye mata sukan zaunar da masu auren wata da watanni suna koya musu zama, kuma sukan aika mutane unguwa ba sanarwa, su ji yadda yarinya ke zaune. Ko angon kansa ba ya keɓewa da ita a ɗaki. Ni ina zan san wannan? Na girma ina jin waƙarsu ta taga, na ci shinkafar Kirsimetinsu har na gaji, amma ban taɓa tambayar abin da ke bayan farar rigar nan ba. Na ɗauka ado ne kawai, kamar lallen amarenmu.

Mma Lariba ce ta yi wa Mma bayani, ina ɗaki ina jinsu. Ta ce farar riga da mayafi shaida ce, yarinya tana gaya wa Allah da jama'a cewa ta tsare kanta har ranar. Wadda aka samu da akasin haka ba ta sawa. Za a kira sunanta gaban jama'a, a cire ta daga mawaƙa, a hana ta cin jibin Ubangiji, wato gurasar nan da suke karɓa, ta koma benci na can baya ta zauna har dattawa su ga tubanta. Ta faɗi bencin bayan nan da irin muryar da ake faɗin maƙabarta.

Sun kira Dorkas. Sun ce ta ajiye rigar mawaƙa, ta dakata da koyar da yara, har su gama bincike.

Jiya Mma Lariba ta zo da 'yan dako suka kwashe akwatunan daga ɗakina, suka mayar ɗakinsu mai laima, suka ɗora a kan bulo. Na kai hannu zan kama kunnen akwati, ta ce, “Bari, Jamiu. Abin da ka yi mana ya isa.” Matar da duk sanda na wuce ƙofarta sai ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu. Mma kuwa ba ta doke ni ba, da ma ta doka. Cewa kawai ta yi, shekarar da ta kwanta ciwo, Dorkas ce ta bar makaranta mako guda tana dama mini koko. Sai ta juya ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Zancen ya fita waje. Mai wake da shinkafa ta bakin titi ta ƙara mini taliya tana ƙifta ido. A majalisarmu ta shayi ina zuwa Shamsudeen ya tashi ya kakkaɓe mini benci, ya ce a ba ango wuri, wanda ya ci coci ɗaya da nema. Suka fashe da dariya. Da wani ne abin ya sama, ni ne zan ja waƙar, na sani. Na rantse musu ba komai tsakanina da ita, kuma ina rantsuwar suna ƙara dariya, don ba su taɓa jin na rantse a kan gaskiya ba.

Tun ranar nake tuna karatun Malam Bashiru kan ƙazafi, hukuncin wanda ya jefi mace kamila da zance ba shi da shaidu: bulala, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Mun rera shi a allo, ni ina ta tsunkulin na kusa da ni. Yau ga shi ina yawo da shaidata a hannu, ba mai karɓa.

Gobe in Allah ya so zan je Maamobi wurin Elda Ayamga, dattijon cocinsu, shi ne shugaban kwamitin. In rantsuwa suke so, zan yi alwala in rantse musu a gaban kowa. Ni na ɗaura abin nan, ni zan kwance. Ki sa ni a addu'a, ko da kina fushi.

Ƙaninki,
Jamiu


Nima, ranar Laraba

Yayata Lailatu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Mas'udu, ina fata zazzaɓin Najat ya sauka. Ki yi haƙuri da shirun da kika ji. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma ki karanta ke kaɗai.

Na je wurin Elda Ayamga. Tsoho ne mutumin Bolga can arewa, Hausarsa ta fi tawa. Na kai masa goro a ganye, na durƙusa, na fara zuba bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, “Mijin wasa ko? Mu ma a gida muna da shi. Ni da kaina na tare ƙofar wata sai da aka ba ni zabo.” Ya ce tun ranar da matan suka kawo rahoto ya gaya musu wasan mutanen arewa ne, su 'yan kudu ne ba su san shi ba. Na ce to zan rantse. Ya ce ba ya bukata, ya yarda da ni.

Yaya, saura kaɗan in rungume shi. Na miƙe ina godiya, har na fara tsara yadda zan shiga gida ina kiran matata ta fito ta ga aikin mijinta. Sai na lura shi bai yi murmushi ba. Ya ce, “Ɗana, maganar ta bar hannunka. Ta bar nawa ma. Je ka gida.”

Na sami Dorkas a bayan ɗakinsu tana wanki. Na ce mata an wanke ta, tsoho ya yarda. Ta ce ta sani, ta nuna mini turmi ta ce in zauna. Abin da zan rubuta yanzu ita ta ce in gaya miki, don ta ɗauki waya za ta kira ki, ta kasa, ta ajiye, kuma ran Lahadi kowa zai ji.

Ranar da suka kira ta, zancena bai daɗe ba. Ta ce ƙanena ne, ni na goya shi, tsoho ya gyaɗa kai. Har an kusa tashi, sai mai tabarau ta ce tunda an zo nan, bari ta yi tambaya ɗaya don zuciyar kowa ta kwanta. Ta sa littafinsu mai tsarki a gaban Dorkas ta ce, a bar zancen yaron nan, ke kin tsare kanki? Dorkas ta ce ta buɗe baki za ta ce i, kalmar ta ƙi fita.

Ita da Filip ne. Sau ɗaya, bayan an karɓi kayan ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce mata ai iyaye sun yarda, saura taro kawai. Ta ce tun ranar ba ta sake samun kanta ba. Duk ranar jibin Ubangiji sai ta ƙirƙiri aiki a kanti don kada ta karɓa. Ranar da ta je gwajin riga, da tela ya juya ta gaban madubi, ta kasa duban kanta. Takun nan da na gani na ce yanga ce, ashe nauyin zuciya ne.

Na ce mata, “Haba, me ya sa ba ki yi shiru ba? Mu a wurinmu wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya tona kansa. Ki tuba tsakaninki da shi, shi ke nan.” Ta ce su ma sun san Allah mai gafara ne, kuma ta roƙe shi tun daren, ta yi imani ya ji. Amma a wurinsu jikin mutum ɗakin Allah ne, ba nata ba ne ita kaɗai, kuma yardar iyaye ba ita ce albarkar aure ba. Ta ce shiru daban, ƙarya daban. Da ba a tambaye ta ba, wataƙila da ta sa rigar ta shiga da abin a ranta, ba ta sani ba, kullum tana cewa gobe za ta je wurin matar fasto. Amma a dube ta a tambaye ta, ta ɗora zunubi na biyu a kan na farko don yadi fari, wannan ba za ta iya ba. Tana faɗa tana matse zane, ko hawaye babu. Ni ne na kasa ɗaga kai.

Na tambayi tsarin abin. Ta ce in Filip ya amsa nasa, su biyu za su koma bencin baya na wani lokaci, daga baya a sa musu albarka a ofishin fasto, ba farar riga, ba taro, amma aure ne cikakke. Ta ce wallahi wannan ya ishe ta. Wallahin ma a bakinmu ta koya.

To sun kira Filip. Ya ce shi bai taɓa ta ba. Ya ce in ta ce ta faɗi, a tambayi wanda take riƙe da mabuɗin ɗakinsa.

Kin gani, Yaya? Da bakina na sassaƙa masa ƙofar da zai fita. Tsoho ya yarda da ita, amma matan nan biyu sun ce su da idonsu suka ga zane kusa da jallabiya. An ba Filip zuwa Lahadi ya yi tunani.

Na bi shi har shagon buga takardu da yake aiki a Niyu Tawun. Na same shi yana yankan katin bikin wasu. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya san ni, ya san ita. Ya ja ni gefe ya ce, “Aboki, ba ni na buɗe ɗaki na nuna wa mutane ba.” Ya ce ubansa dattijon coci ne a garinsu, shi kuma tun yana yaro yake kaɗa musu piyano, in aka ɗaga shi daga kujerar nan aka kai shi baya, da wane ido zai dubi uban? Na ce da idon da Dorkas za ta dubi tata uwar. Na ci kwalarsa, na ɗaga hannu, sai na ga ma'aikata sun leƙo, na tuna in na doke shi gobe za a ce kishi ne. Na sake shi.

A tirotiro, motar haya, ina dawowa dabara ta zo mini, irin tawa. In sa Shamsudeen ya kira shi a matsayin wani, a ja shi da hira har ya saki baki, mu naɗa a waya mu kai wa tsoho. Na san zan iya, na yi wa mutanen da suka fi shi wayo. Na kawo wa Dorkas ina murna. Ta dube ni ta ce, “Jamiu, ka daina wasa da rayuwata, ko da na taimako ne. Mijin da sai an ɗana masa tarko zai faɗi gaskiya, me zan yi da shi? In zai tashi, ya tashi da ƙafarsa.”

Abin da na iya ke nan a duniya, shi ma ta ce in ajiye.

Ta ce in gaya miki kada ki aiko mayafin. Ta ce ki yafe mata wahalar da kika sha a kasuwa.

Ki kira Mma, ba ta cin abinci sosai.

Ƙaninki,
Jamiu


Nima, ranar Litinin

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yarinya. Mma ta ji daɗin kiranki, ta ɗan ci tuwo jiya.

Mayafin ya iso. Na san kin riga kin ba direba kafin takardata ta same ki, ba laifinki ba ne. Ran Asabar ya kira ni na je tasha na karɓo. Na shigo da shi a cikin riga kamar kayan sata, na ajiye a kan gado.

Jiya na je cocin. Ban shiga ba, na san in aka gan ni a ciki na ƙara mata wani. Na tsaya a waje kusa da mai kwakwa, inda taga ta baya take a buɗe. Tun ina yaro nake raka ta har ƙofar nan in juya, ban taɓa leƙawa ba sai jiya.

Ta sa atamfarta ta zuwa aiki, ta zauna a layin gaba kusa da Mma Lariba. Mawaƙa suna sama da rigunansu, wurinta a cikinsu ba kowa. Filip yana kan piyano da farar taguwa.

Bayan wa'azi Elda Ayamga ya tashi. Da ni ya fara. Ya ce yaron maƙwabta da ake ta zancensa ba shi da laifin komai sai na dogon baki, wasa ya yi irin na gida, duk wanda ya sake haɗa sunansa da na 'yarsu shi ma ya yi zunubi. Sannan ya kira ta. Ta miƙe. Ya faɗi abin a gajarce, bai ƙawata ba. Ya ce ba korarta ake yi ba, 'yarsu ce jiya, 'yarsu ce yau, bencin baya wurin jinya ne, kuma kowa ya tuna ta faɗi gaskiya a inda ƙarya za ta fisshe ta. Sai ya ce wannan zunubi ba a yin sa mutum ɗaya. In akwai wanda zuciyarsa ke gaya masa ya tashi ya tsaya tare da ita, ga lokaci.

Ya tsaya yana jira. Yaya, ban taɓa jin shiru irin wannan a Maamobi ba, har fankar sama ina ji. Ni da ban san yadda suke addu'a ba, na kama salati a zuci ina cewa Allah ka ɗaga shi. Dorkas ba ta waiwaya wajensa ba ko sau ɗaya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana goge bakin piyano da hankici, yana gogewa, yana gogewa.

Tsoho ya ce to. Ta ɗauki jakarta ta taho. Ashe cocin nan dogo ne. Benci na ƙarshe yana bakin ƙofa, inda suke jingine tsintsiya da bokiti. Ta matsar da bokitin ta zauna.

Aka ta da waƙa, Filip ya kaɗa, ko kuskure ɗaya bai yi ba. Ana cikin waƙar Mma Lariba ta miƙe daga layin gaba, ta gyara zane, ta ratso tsakiyar mutane da ɗingishinta, ta zo ta zauna kusa da 'yarta. Wata mai tsaron ƙofa ta sunkuya ta yi mata raɗa, ina jin cewa ta yi ba wurinta ba ne. Mma Lariba ko kallonta ba ta yi ba. Kuma Dorkas ta yi waƙar. Bencin yana jikin tagar da nake, muryarta kaɗai nake ji. Mai kwakwa ya tambaye ni ko hayaƙin mota ne ya shiga mini ido, na ce shi ne.

Bayan azahar kawun Filip ya zo gida. Ba a daɗe ba. Mma Lariba ta miƙa masa zoben da sauran kayansu, ya fita yana kallon ƙasa. Auren ya tashi.

Na shiga ɗaki na zauna, ban yi zaton zan ga kowa ba. Bayan la'asar sai na ji sallama. Dorkas ce, da kwanon miyar Lahadi, kamar kullum. Amma ba ta shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafarta ko dokin ƙofar ba ta taɓa ba.

Na fara ba ta haƙuri. Ta ce, “Na yafe maka tun ranar. Kai wasa ka yi, ni na yi abin da na yi, shi ma yau ya yi nasa. Jiya ne na fara barci sosai tun da abin ya faru, ka yarda ko kada ka yarda.” Na ce da ban buɗe ɗakin nan ba, da yanzu ana rabon kati. Ta ce haka ne. Ba ta sassauta mini ba, haka ne kawai ta ce.

Sai ta hango ƙullin a kan gado, ta gane rubutunki. Na ce zan mayar miki. Ta ce in buɗe ta gani. Na warware shi, ina ja yana zuwa, ina ja yana zuwa, sai da na hau kan gado na ɗaga hannu don kada ya taɓa ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Lailatu ta iya zaɓe.” Ta ce in naɗe in kai ɗakin Mma a ajiye, kada ya kwana a nan, kada wani abu nata ya sake kwana a nan.

Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa. Har ta juya ta ce, “Sunan nan kuma ka bar shi, Jamiu. Ka girma.” Na ce to, Sista Dorkas. A bakina kamar sunan baƙuwa.

Da na sunkuya ɗaukar kwanon, na ga mabuɗin ɗakina a kan murfi.

Yaya, ki zo, ko na kwana kaɗan ne. Tana bukatar wadda za ta zauna da ita a ɗaki a rufe ƙofa, ni kuwa yanzu gaisuwa ce tsakaninmu, daga nesa, a gaban mutane. Mayafin yana cikin akwatin Mma. Miyar tana nan inda na ajiye ta tun jiya, ta yi sanyi. In zan ɗaga murfin sai na ɗauke mabuɗin, kuma har yanzu ban iya ba.

Ki gaida Mas'udu, ki shafa mini kan Najat. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Jamiu